Maƙerar Bevolo ta New Orleans: yadda fitilar gas ta jan ƙarfe ta riƙe iyali shekara 80

A shekarar 1945, lokacin da Andrew Bevolo ya buɗe 'yar maƙerarsa a French Quarter, tsohuwar unguwar birnin New Orleans da ke jihar Louisiana a Amurka, fitilar gas ta riga ta zama kayan da. Shekara 66 ke nan da Thomas Edison ya nuna ƙwan lantarkinsa a 1879, kuma manyan biranen ƙasar sun daɗe da sauke yawancin fitilun gas daga titunansu. Wanda duk ya dubi kasuwa a lokacin zai ce wannan kaya kwanansa ya ƙare. Amma ga shi har yau kamfanin Bevolo Gas & Electric Lights yana nan cikin unguwar, a titin Conti da titin Royal, a hannun jikan mai maƙerar, Drew Bevolo. Har yanzu da hannu ake ƙera fitilun, ɗaya bayan ɗaya, kuma kamfanin na cewa kayansa sun shiga dukkan jihohin Amurka 50 da ƙasashe da dama a waje.

In ka tambayi masu saye dalili, amsar ɗaya ce: fitilun suna da kyau. Gaskiya ne, suna da kyau. Sai dai kyau kaɗai ba ya riƙe sana'a har ta kai ga jika, domin masu ƙera kaya masu kyau da yawa sun rufe shago. Abin da ya sa na ga wannan lamari ya cancanci a zauna a kansa shi ne, in an bi shi a hankali, ana ganin takamaiman abubuwan da suka tokare shi, ana kuma ganin wanda ya fara girgiɗi a cikinsu.

Ƙusa maimakon dalma

Kafin ya buɗe shagonsa, Bevolo ya yi aikin ƙarfe a kamfanin motoci na Ford, da kamfanin jiragen sama na Sikorsky, da kuma Higgins Industries da ke nan New Orleans, kamfanin da ya ƙera jiragen ruwan nan masu buɗe gaba da suka sauke sojojin ƙawance a gaɓar Normandy a watan Yunin 1944. Mutum ne da ya fito daga masana'antun yaƙi, inda haɗa fallen ƙarfe da wani fallen ba abin wasa ba ne, domin in haɗin ya saki a jikin jirgin sama rai ne zai tafi.

Fitilun gas na da, yawanci da dalma ake liƙe gaɓoɓinsu. Matsalar a fili take ga duk wanda ya taɓa riƙe ƙarfen liƙi. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,085 a ma'aunin Salshiyas, amma dalmar liƙi ta gama-gari tun wajen digiri 180 zuwa 190 take zama ruwa, kuma tun kafin a kai nan ta fara laushi. To ga fitila da harshen wuta a cikinta dare da rana, hularta ta ɗauki zafi, sai ruwan sama ya sauko mata ta huce farat ɗaya. Ƙarfe ya buɗe, ya tsuke, ya sake buɗewa. Shekara kaɗan sai gaɓa ta tsage, gilashi ya fara rawa, ƙofa ta karkace.

Bevolo ya kawo dabarar da ake haɗa jikin jirgin sama da ita. Ana huda fallaye biyu, a zura gajeriyar ƙusa mai kai ɗaya, a ɗora a kan uwar maƙera, a daki ɗaya bakin har ya baje ya zama kai na biyu. Babu abin narkewa a wurin. Ƙarfen yana da 'yar damar motsawa da zafi da sanyi ba tare da haɗin ya karye ba. Wannan ƙaramin canji shi ne gindin komai, kuma ina ganin shi ne abin da masu ba da labarin kamfanin suka fi saurin wucewa, don ba shi da daɗin ji kamar labarin harshen wuta a tsohon lungu. Fitilar da ba ta wargajewa ita ce ke sa mai gida ya kira maƙwabcinsa ya nuna masa, ita ce kuma ke sa ɗansa ya dawo shagon bayan shekara 30.

A ɗakin baje kolin kamfanin da ke titin Royal an ajiye maƙera suna aiki a gaban jama'a, don haka ba ɓoyayyen abu ba ne. Ana ɗauko shimfiɗaɗɗen fallen jan ƙarfe, a auna, a ja layi, a yanka da almakashin ƙarfe. A kai shi injin lanƙwasa na hannu a karya gefunan, a fitar da 'yan siraran kwararon da gilashi zai zauna a ciki. Sai huji, sai ƙusa, sai guduma. Fitila ɗaya tana cin ƙusoshi masu yawa, kowace kuma sai an dake ta daidai: in bugun ya yi kaɗan haɗin ya yi sako-sako, in ya yi yawa fallen ya loɓa, tabon kuma ba ya ɓoyuwa tunda ba fenti za a shafa ba. Bayan an gama ana dusashe ƙyallin sabon ƙarfen ya koma ruwan ƙasa mai duhu, yadda ranar da aka rataya fitilar za a ɗauka ta daɗe a jikin gidan.

Zaɓen jan ƙarfe ma ba don ado kaɗai ba ne. New Orleans gari ne mai laima, ruwan da ke sauka a shekara ya kai wajen milimita 1,600, ga iskar teku mai gishiri daga Mashigin Meksiko. Baƙin ƙarfe a irin wannan wuri tsatsa ke cinye shi in ba ana binsa da fenti ba. Jan ƙarfe kuwa wata 'yar fata yake yi a samansa, ta fara da ruwan ƙasa, da daɗewa ta koma kore, kuma wannan fatar ita ke kare abin da ke ƙarƙashinta. Shi ya sa Mutum-mutumin 'Yanci na birnin New York, wanda aka ƙaddamar a 1886 da jiki na jan ƙarfe, yake kore a yau kuma yake nan tsaye. Abin da ke lalata sauran kaya, wato shekaru da ruwa, shi ke ƙara wa wannan daraja a idon mai shi.

Mai zane ya shigo

Maƙeri ya iya haɗi, amma siffar da ta yi wa Bevolo suna da hannun wani a ciki. A. Hays Town, wanda aka haifa a 1903 ya rasu a 2005, yana cikin manyan masu zanen gine-gine na Louisiana. Yadda kamfanin ke ba da labarin, wani dare Town yana wucewa ya ji ƙarar guduma, ya leƙa, ya tambayi Bevolo ko zai iya ƙera masa wata fitila, shi kuwa ya ce in dai zai iya zana ta to zai ƙera. Daga nan aka sami fitilar da ake kira French Quarter, mai faɗi a sama tana tsukewa zuwa ƙasa, da hula mai hawa-hawa wadda zafi ke fita ta cikinta.

Muhimmancin Town ya wuce zanen. Mutum ne da ya zana gidaje kusan 1,000, kuma an san shi da neman tsofaffin tubala da tsohon katako daga rusassun gine-gine yana sa su a sababbin gidaje, don ya yarda da tsohuwar zuma ake magani. Salon nasa ya bazu a kudancin Amurka, masu zane da yawa suka bi sawunsa. Irin wannan gida ba ya karɓar fitilar roba a ƙofarsa. Duk inda salon ya je sai ya ja fitilar jan ƙarfe ya tafi da ita. A wannan sana'a mai gida ne ke biyan kuɗi, amma sau da yawa mai zane ne ke zaɓe, kuma mai zane ɗaya da ya yarda da kai ya fi masu wucewa ɗari.

Garin ma ya taimaka

Da a wani gari aka buɗe wannan maƙera, da wuya ta kai haka. Faransawa suka kafa New Orleans a 1718. Gobara biyu, ta 1788 da ta 1794, suka cinye yawancin tsohon garin, aka sake gina shi a zamanin mulkin Sifaniya, da tubali da barandu da tsakar gida, kafin Amurka ta sayi yankin a 1803. Hasken gas ya shigo da wuri ta hannun James Caldwell, ɗan wasan kwaikwayo haifaffen Ingila, wanda ya haska gidan wasansa da gas a shekarun 1820, sannan ya kai shi tituna a shekarun 1830. Wato fitilar gas ba baƙuwa ba ce a idon mutanen garin.

Sai kuma doka. A 1936 aka gyara tsarin mulkin jihar Louisiana don ba da damar kafa hukumar da ake kira Vieux Carré Commission, wadda ke da ikon sa ido kan duk wani canji a fuskar gine-ginen unguwar French Quarter. Shekara 9 kafin Bevolo ya buɗe shago, an riga an ɗaure unguwar da kamanninta na da. Mai gida a can ba shi da 'yancin liƙa duk abin da ya ga dama a bangon da ke kallon titi. Ga kuma miliyoyin baƙi da ke zuwa yawon buɗe ido duk shekara, suna yawo da dare a ƙarƙashin waɗannan fitilu, wasunsu su koma Texas ko Georgia da sha'awar irinta a ƙofar gidansu. Unguwar gaba ɗaya ta zama wa kamfanin rumfar talla da bai biya haya ba.

Na ƙarshe shi ne arhar gas. Louisiana ƙasar gas ce. Cibiyar bututu ta Henry Hub, wadda da farashinta ake auna kuɗin gas a duk Amurka, tana garin Erath na wannan jiha. Inda bututu ya riga ya shigo gida don girki da dafa ruwa, jan reshe ɗaya zuwa baranda ba wani babban aiki ba ne.

Yadda ake cinikin

Nan ne lamarin ya fi amfani ga mai ƙaramar sana'a ko wace iri ce. Bevolo ba ya tara kaya a manyan kantuna yana jiran mai saye. Kai tsaye yake sayarwa, kuma cinikin yakan fara da hoton gida ko zanen gini. Mai saye ya aiko, ma'aikatan kamfanin su duba su ba da shawarar siffa da girma da irin maratayin da ya dace, ba tare da karɓar kuɗin shawara ba. Kuskuren da masu gida suka fi yi shi ne sayen fitila ƙarama, don a cikin shago tana cika ido amma daga bakin titi sai ta ɓace. Ƙa'idar da masu wannan harka ke bi ita ce, in fitila ɗaya ce a gefen ƙofa tsawonta ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon ƙofar, in kuwa biyu ne hagu da dama, kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Bayan girma sai tambayoyin da ba a gani a hoto. Gas na bututu ne ko na tukunya? Ba ɗaya ba ne, domin na tukunya ya ninka na bututu ƙarfi wajen sau biyu da rabi a ma'auni ɗaya, saboda haka hujin da yake fita ta ciki dole ya fi ƙanƙanta. A bango za a kafa ta, ko a kan ginshiƙi, ko a rataye a rufin baranda? In a rataye ne, nawa ne tazarar da ke tsakanin hular da katakon sama? Gidan yana bakin teku inda iska ke kashe wuta? Kowace amsa tana canza abin da maƙeri zai yanka. Wannan ne ma'anar ƙera kaya bisa oda, kuma shi ne katangar da ke tsakanin ƙaramar maƙera da babbar masana'anta. Masana'anta tana iya buga fitila dubu masu kama ɗaya da arha, amma ba ta da lokacin duba hoton ƙofar mutum guda.

Masu kwaikwayo kam sun yi yawa. Siffar French Quarter ta cika kasuwa, wasu da siririn ƙarfe mai fentin ruwan jan ƙarfe, a farashin da bai kai rabi ba. Kamfanin bai bi su cikin gasar karya farashi ba, kuma a ganina ya yi daidai, tunda araha ba ta ado, kuma wanda ke neman fitilar da zai bar wa 'ya'yansa ba shi ne mai neman ta bana kaɗai ba. Abin da ya yi shi ne fito da maƙeran fili. Baƙon da ya tsaya ya ga ana dakan ƙusa da hannu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan dalilin tsada.

Samun masu saye a nesa ya kuma zama garkuwa. Da guguwar Katrina ta afka a ranar 29 ga Agustan 2005, ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin. French Quarter tana kan tudu a gefen kogin Mississippi, don haka ambaliyar ba ta yi mata ɓarna kamar sauran unguwanni ba, amma yawan mutanen birnin ya ragu da kusan rabi a shekarar da ta biyo baya. Shagon da cinikinsa ya tsaya kan maƙwabta kaɗai yana cikin babban haɗari a irin wannan hali.

Inda ƙafar ke girgiɗi

Ina son waɗannan fitilu, amma dole a faɗi gaskiya game da wutar da ke cikinsu. Buɗaɗɗen harshen gas ba ya ba da hasken kirki. Yawancin abin da yake ci zafi yake zama. Ƙwan lantarki na zamani mai cin wuta kaɗan, wato LED, yana ba da wajen lumen 100 (ma'aunin haske) a kowane wat na makamashin da ya ci, buɗaɗɗen harshe kuwa bai kai lumen 1 ba. Tun 1885 wani masanin sinadarai ɗan Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, ya ƙirƙiro 'yar ragar nan da ake ɗaurawa a bakin wuta ta yi fari tas, irin wadda muka sani a fitilar da ake buga wa iska, don ya magance wannan rauni. Masu sayen fitilar Bevolo ba farin hasken raga suke nema ba, rawar harshen suke so. Kuma da yake kunna ta da hannu duk yamma wahala ne, da yawa barin ta suke tana ci ba dare ba rana, sa'o'i 8,760 a shekara. Wannan gas ne ake ƙonawa da tsakar rana don ado, kuma ban ga yadda za a kare shi ba, komai arhar gas.

Gwamnati ta taɓa sa hannu. A 1978, cikin matsalar makamashin wancan zamani, majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta haɗa da hana amfani da gas wajen fitilun ado na waje, sai a 1987 aka janye manyan takunkuman dokar. Kamfanin ya tsallake wannan, kuma sunansa kansa ya nuna hanyar: gas da lantarki. Jiki ɗaya ne, ƙira ɗaya, abin da ke ciki kawai ake sauyawa. Yanzu matsin ya dawo ta ƙofar sauyin yanayi. Birnin Berkeley na California ya hana ja wa sababbin gine-gine bututun gas a 2019, kodayake kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta rushe dokar a 2023. A 2023 ɗin ne kuma jihar New York ta zartar da tata dokar kan yawancin sababbin gine-gine. A Turai, birnin Berlin da ya taɓa mallakar fitilun gas na titi kusan 44,000 ya ɗauki hanyar maye gurbinsu, ya ware kusan 3,300 kawai don tarihi. Ko da kotuna sun ja wa abin birki a wasu wurare, gidan da aka gina ba bututu ba zai taɓa sayen fitilar gas ta bututu ba.

Batun tsaro ma yana nan. Gas na asali ba shi da wari, warin da ake ji ƙara masa ake yi, al'adar da ta bazu bayan fashewar da ta kashe kusan mutum 300, yawancinsu yara, a wata makaranta a New London ta jihar Texas a 1937. Harshen da iska ta kashe ba ya hana gas ci gaba da fita sai in an sa na'urar da ke yanke shi. Shi ya sa wurin wannan fitila shi ne waje, inda iska ke wucewa, kuma ƙwararren mai aikin gas ne ya kamata ya haɗa ta. Akwai na'urorin kunnawa na lantarki da ke ba da damar kashe ta da safe da makunni, su kuma yanke gas in wuta ta mutu. Ni da za a bi tawa, da irin wannan na'ura za a sayar da kowace fitilar gas, ko da kuɗin ya ƙaru.

Sai tsadar ƙarfen kansa. Jan ƙarfe yanzu kowa na nemansa, daga masu motocin lantarki zuwa masu shimfiɗa wayoyin wuta. A watan Mayun 2024 farashin tan ɗaya ya haura dala 11,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan, kuma daga 1 ga Agustan 2025 Amurka ta ɗora harajin kashi 50 cikin 100 kan jan ƙarfen da aka riga aka sarrafa aka shigo da shi, har da fallaye da bututu. Babban kamfani yana iya sayen kayan shekara tun farashi na ƙasa. Maƙerar iyali kuwa ko ta ƙara wa mai saye kuɗi ko ta ci daga ribarta, tunda rage kaurin fallen daidai yake da zubar da sunan da aka yi shekara 80 ana tarawa.

Duk da haka, in aka ce in zaɓi abin da ya fi ba ni tsoro, ba gas ba ne ba kuma farashi ba. Gas yana da madadi, an riga an gwada shi. Farashi yana hawa yana sauka. Amma hannun da ya san nauyin bugun da ƙusa ke so ba a sayo shi a kasuwa, sai yaro ya zauna kusa da babba shekaru yana ɓata falle yana gyarawa. Kamfanin da ya yi alƙawarin ƙera komai da hannu ba zai iya girma fiye da yawan maƙeran da ya horar ba, kuma duk lokacin da oda ta yi yawa jarabar sayo injin da zai buga ɗari a awa ɗaya tana nan a bakin ƙofa. Mai saye yana jiran makonni kafin fitilarsa ta iso, wani ya haƙura, wani ya tafi wajen masu kwaikwayo. Iyalin Bevolo sun zaɓi su rasa na biyun, kuma kowane sabon maƙeri da suka ɗauka kuɗi ne suke zubawa na shekaru kafin aikinsa ya kai a sa masa sunan gidan.